Babi na Biyar: Lissafin 'Ya'ya a Gulbin Kaba

Ba a tambayar Bahaushiya yawan 'ya'yanta. Duk da haka na taɓa yi wa wata tsohuwa wannan tambaya a wani ƙauye na bakin Gulbin Kaba, tsakanin Tasawa da Mayahi. Tana zaune a inuwar zana tana saƙar tabarma, kabarta jiƙe cikin ƙwarya a gefe. Da muka gama gaisuwa, aka kawo fura na sha, sai na ce, "Inna, 'ya'ya nawa Allah ya ba ki?"

Ba ta ɗago kai ba. Ta ce, "Ɗan nan, awaki ake ƙirgawa."

Can an jima, da ta kai ƙarshen layin da take saƙa, sai ta riƙa zaro kaba sili ɗaya bayan ɗaya tana jerawa a ƙasa har goma sha ɗaya. Ta sa bayan hannu ta ture shida gefe. Ta ce, "Waɗannan sun koma. Biyu a shekarar ƙyanda, kwana tara tsakaninsu." Biyar ɗin da suka rage ta tattara su ta mayar cikin saƙarta.

Jikarta tana daka a bayanmu, goye da yaron da ya riga ya iya tafiya. Ba za ta kai shekara talatin ba. 'Ya'yanta huɗu ne, kuma duk huɗun suna raye. Da kakar ta ce mata ai yaron nan ya isa a yi masa ƙane, sai ta jingine taɓarya ta dube ni ta ce, "Malam, hutu nake. Duk wata uku ina zuwa likita a yi mini allura, kuma mai gidan ya sani." Tsohuwar ta taɓe baki, ba ta ce komai ba.

Duk wanda ya ji ana batun raguwar haihuwa, tunaninsa Turai zai tafi ko Japan, ba zai kawo jihar Maradi a ransa ba. Yana da hujja. Babban binciken lafiyar iyali da hukumar ƙididdiga ta Nijar ta gudanar a 2012 ya nuna cewa idan aka yi kuɗin goro, mace guda a ƙasar tana haihuwar 'ya'ya 7.6 a tsawon rayuwarta, adadin da babu ƙasar da ta kai shi a duniya a lokacin. A jihar Maradi 8.4 ne, a Damagaram 8.5, a Yamai 5.3. Ƙidayar 1977 ta samu mutum miliyan biyar da 'yan kai a Nijar. Ta 2012 ta samu fiye da miliyan 17, kuma gundumar Tasawa da ta Mayahi kowace ta haura rabin miliyan. Amma da aka sake bincike a 2021, adadin ƙasar ya sauko zuwa 6.2. A Najeriya ma ya sauko daga 5.3 a 2018 zuwa 4.8 a binciken da ya biyo baya. Jama'a na ci gaba da ƙaruwa, domin 'yan matan da ke shiga ɗakin aure yau sun ninka na jiya yawa, sai dai abin da kowace ɗaya take haifa ya fara ja baya. A duniya baki ɗaya haka aka yi: wajen 1960 mace na haihuwar kimanin biyar, yau biyu ne da ɗan ɗoriya. Abin da ya kai ƙarshensa a wasu ƙasashe, mu a nan farkonsa muke gani, kuma a farkon abu ake gane saiwarsa.

Saiwa ta farko tana cikin silin kaba shidan nan da tsohuwa ta ture. Matar da ta binne rabin abin da ta haifa ba ta da dalilin tsayawa. Harshenmu ma ya adana wannan tarihi. Muna da kalmar wabi, wato matar da 'ya'yanta ke mutuwa suna ƙanana. Muna da sunayen roƙo da na yaudarar mutuwa: Abarshi, Abarta, Barmani, Ajuji, Ayashe. Uwa tana kiran jaririnta da sunan juji ne don kada a yi sha'awar ɗauke shi. Al'ummar da ta ƙirƙiro irin waɗannan sunaye ta sha kukan jarirai har ta gaji. Karin maganar nan da ke cewa haihuwa maganin mutuwa, a zahirinta ake nufinta.

To mutuwar ta ragu, kuma a gaban idonmu ta ragu. Wani nazari da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2012 ya nuna cewa a 1998, cikin yara dubu da aka haifa a Nijar, 226 ne ke rasuwa kafin su cika shekara biyar; zuwa 2009 sun koma 128. Abubuwan da suka kawo haka duk mun san su: gidan sauro, rigakafin ƙyanda, ruwan gishiri da sukari, ƙananan ɗakunan shan magani da aka gina a karkara zamanin Tandja Mamadou, da dokar 2006 da ta ɗauke wa mata masu ciki kuɗin awo, ta ɗauke wa yara 'yan ƙasa da shekara biyar kuɗin magani. Yunwar 2005, wadda jihar Maradi ce ta fi ɗanɗana kuɗarta, ita ma ta bar cibiyoyin jinyar tamowa da ba a da su a da. Amma zuciya ba ta bin alƙaluma nan take. Sai uwa ta ga nata sun rayu, ta ga na maƙwabciya sun rayu, shekara da shekaru, kafin ta yarda cewa abin ya canza. Shi ya sa a mafi yawan ƙasashe mutuwar yara ke fara sauka, haihuwa ta biyo ta a baya. Kakar nan tana magana ne da tsoron da ta gani da idonta. Jikar ba ta taɓa wanke gawar ɗanta ba.

Saiwa ta biyu tana gona, kuma a nan nake so mu daɗe, don ita ce aka fi mantawa idan ana wannan muhawara a gidajen rediyo.

A tsarin da kakanninmu suka sani, mai gida yana da gandu, 'ya'yansa da ƙannensa suna noma shi tare. Kowace mace da kowane saurayi suna da gamana, ɗan yankin da suke nomawa don aljihunsu a ranakun da ba na gandu ba. Idan gona ta gaji a bar ta saura ta huta, a shiga daji a yi sabon sassabe. Ƙasa ba ta yi ƙaranci ba, hannu ne ya yi ƙaranci. Mai 'ya'ya goma yana iya share dajin da mai 'ya'ya biyu ba zai iya ba, rumbunsa ya fi cika, maganarsa ta fi nauyi a fada. Yaro ɗan shekara bakwai yana bin awaki, ɗan sha biyu yana riƙe hauya, yarinya tana ɗebo ruwa tana surfe tana kai talla. Kafin ɗa ya balaga ya biya abin da ya ci. A irin wannan zama, wanda ya ce zai taƙaita haihuwa kansa ya cuta, kuma mutanen da suka haifi da yawa lissafinsu daidai ne.

Yau ka bi hanyar da ta taso daga Maradi ta ratsa Tasawa zuwa Damagaram da damana, ka duba dama da hagu. Gona ce ke bin gona har inda ido ya tsaya. Daji ya ƙare, saura ta zama labari, burtali ma sai da rigima. Ka ɗauki mutumin da ya bar eka goma da 'ya'ya maza biyar da mata huɗu. A raba gado bisa shari'a, kowane namiji bai samu eka ɗaya da rabi ba. Shi ma ya haifi kamar yadda ubansa ya haifa, me zai bar wa nasa? Wurin da bai fi a shanya hatsi ba. Daga nan sai jingina, daga jingina sai sayarwa ga wani alhajin birni, sai mai gona ya koma ɗan ƙwadago a gonar ubansa. Marthe Diarra da Marie Monimart, a wani nazari da suka fitar kan kudancin Nijar, sun nuna cewa idan ƙasa ta matse, mata ne ake fara karɓe wa gamana. Sun rubuta kalmar da suka ji a bakin mutanen yankin Maradi, kublen gona: a ce an kulle mace don addini, alhali gonar da za a ba ta ce babu. Matar da ba ta da gamana ba ta da hatsin kanta, ba ta da abin sayen akuya, kuma duk ɗan da ta ƙara haifa jiran tiyar mai gida zai yi.

Manoman yankin ba su naɗe hannu ba. Tun shekarun 1980 suka rungumi sassaben zamani, wato barin tohon itatuwa a cikin gona ana gyara shi maimakon a sare, dabarar da Tony Rinaudo ya taimaka wajen yaɗawa daga Maradi. Gawo da kalgo da sabara sun dawo gonaki, ƙasa ta ɗan farfaɗo, an samu itacen girki da abincin dabbobi. Wannan aiki ne abin alfahari, ya kuma ciyar da bakuna masu yawa. Sai dai itace ba ya ƙara wa gona faɗi. A gidaje da dama hatsin da aka girbe ba ya kai su bazara, sai samari su kama hanyar biɗa: Katsina, Kano, Legas, Agadas, Libiya, Aljeriya. Mijin da ke shafe wata takwas ko shekara biyu a waje, ko bai yi niyyar komai ba, tazarar haihuwar matarsa ta ƙaru. Kuma idan ya dawo ya dawo da ido. Ya ga mai shagon da yake yi wa dako yana da 'ya'ya huɗu duk suna makaranta. Ya san farashin buhun masara, ya san abin da faɗuwar naira tun 2023 ta yi wa ɗan abin da yake aikowa gida idan an canza shi zuwa sefa. Ɗan da a da hannu ne a gona, yanzu kafin ya zama hannu sai ya shekara ashirin yana baki: abinci, sutura, littafi, magani, waya, sannan kuɗin mota zuwa inda zai nemi aikin da babu tabbas.

Wannan lissafi ba a Gulbin Kaba aka fara shi ba. Ƙasar da haihuwa ta fara raguwa a cikinta a Turai ita ce Faransa, tun ƙarshen ƙarni na 18, alhali ƙwayar hana ɗaukar ciki sai a 1960 ta fito a Amurka. Manoman karkara na cikin waɗanda suka fara. Masana tarihi da dama suna danganta abin da dokokin gado na bayan juyin juya hali, waɗanda suka tilasta raba dukiyar uba tsakanin 'ya'yansa duka. Manomin da ba ya so gonarsa ta dagargaje sai ya rage magada. Babu likitan da ya ba shi shawara, babu ƙungiyar agajin da ta zo ƙauyensu da mota. Gona ce ta yi masa magana, kamar yadda take yi wa mutumin Kanambakashe ko na Korgom a yau.

Idan kana so ka ga inda wannan lissafi yake kaiwa in ya wuce gona da iri, dubi Koriya ta Kudu. A 2023 adadin haihuwar mace a can 0.72 ne, alhali sai an samu 2.1 kafin al'umma ta maye gurbin kanta. Gida a birnin Seoul ya fi ƙarfin matashi, iyaye suna zuba dukiya a makarantun ƙarin darasi don ɗa ya ci jarrabawa, aiki yana cinye dare da rana, matar da ta haihu kuma sau da yawa aikinta ne ke tafiya. Sai aure ya yi ta ja da baya, wasu su haƙura da shi ɗungurungum. A Japan gidajen da ba kowa a cikinsu sun kai kimanin miliyan tara, ana rufe makarantun ƙauye don babu yara. Sin ta shafe shekara talatin da biyar tana tilasta wa mutane ɗa guda. Ta halatta biyu a 2016, uku a 2021, mutane suka ƙi, kuma a 2022 yawan jama'arta ya fara raguwa. Gwamnatocin nan suna ba da kuɗi da hutu don a haihu, abin bai ɗaga ba sai kaɗan. Ni ban ga abin sha'awa a nan ba. Ƙasar da saurayi da budurwa suke son ɗa amma tsadar rayuwa ta hana su, ita ma tana da ciwo, kamar yadda ƙasar da mace ke haihuwa ta goma jikinta na rawa take da nata.

Sai maganar yarinya. Binciken 2012 ya samu cewa kashi 76 cikin ɗari na matan Nijar an aurar da su kafin shekara 18, a jihar Maradi kuwa kusan tara cikin goma. Lissafin a fili yake. Wadda ta shiga ɗaki tana da shekara 15 tana da kimanin shekara talatin na haihuwa a gabanta. Wadda ta shiga tana da 20, haihuwa biyu ta riga ta fita daga lissafi ba tare da ta sha ko ƙwaya ɗaya ba, kuma su ne haihuwa biyun da suka fi haɗari, waɗanda ke kai yara mata ga doguwar naƙuda da yoyon fitsari. Binciken ya kuma nuna cewa matar da ba ta shiga lakwal ba tana haihuwar kimanin takwas, wadda ta kai sakandare kimanin biyar. Ba wani sirri ake koya musu a aji ba. Shekarun da ta yi a kan benci ba ta yi su a ɗakin miji ba. Ta iya karanta takardar likita, ta iya tambayar ungozoma ba tare da ta sunkuyar da kai ba, kuma tana so nata 'ya'yan su yi karatu, ta san kuma abin da karatu ke ci.

Ina jin zafin yadda ake zagin iyayen karkara a kan wannan, kamar ba su son 'ya'yansu. Uban da ke wani ƙauye na Mayahi, 'yarsa ta gama firamare, koleji na wani gari, dole ya ajiye ta a gidan wanda bai sani ba sosai, ya riƙa aika hatsi, yana kwana da fargabar kada ta dawo masa da abin kunya. Ya kuma ga waɗanda suka gama karatun suna zaune ba aiki. Idan ya zaɓi aure, tsoro ne ya zaɓa masa. Gwamnatin Issoufou Mahamadou ta fitar da doka a 2017 don kare karatun 'ya mace, magajinsa Bazoum Mohamed kuma ya sa gina makarantun kwana na 'yan mata a gaba cikin manufofinsa, don ya gane cewa wurin kwana ne matsalar. Duk inda aka kawo koleji kusa da gida, aka samu malama mace, aka yi katanga da ban ɗaki, za ka ga iyaye sun bari. A ɗaya gefen kuma tsadar aure tana nata aikin: sadaki, akwati, kayan ɗaki, ginin ɗakin kansa. Saurayin da a da uba ke yi wa aure daga gandu, yanzu sai ya yi shekaru yana biɗa kafin ya tara.

Da gangan na bar maganar magani sai yanzu, domin a kanta ake yawan hayaniya alhali ita ce ƙarama. Allura ba ta sa mutum ya so hutu. Wanda ya riga ya so ne take sauƙaƙa wa. Kuma tazara ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Kakanninmu suna tura mai jego gidan iyayenta wanka, suna shayarwa kusan shekara biyu, suna yi wa wadda ta yi ciki da goyo gori da kalmar rurrutsa, ko kwanika kamar yadda ake cewa a kudu. Akwai guru, akwai laya, akwai rubutun sha, duk don kada ciki ya shiga kafin yaye. Abin da ya canza shi ne kayan aiki. Dokar Faransa ta 1920 da ta haramta maganin hana ɗaukar ciki ta bi mu har bayan samun mulkin kai. Shugaba Seyni Kountché ne ya fito fili a jawabinsa na Matamaye a 1985 ya yi maganar yawan jama'a da tazarar haihuwa, aka halatta maganin a 1988, daga baya aka mayar da shi kyauta a asibitocin gwamnati. Duk da haka, a 2012 kashi 12 cikin ɗari ne kawai na matan aure ke amfani da hanyar zamani. Makarantar magidanta, wadda aka fara a jihar Damagaram da tallafin asusun kula da yawan jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya kafin ta bazu zuwa sauran jihohi, ta gano bakin zaren: idan ba a zauna da maza a ƙarƙashin bishiya an yi maganar ba, mace za ta ci gaba da ɓoye katinta a gidan ƙawarta.

Zargin makirci da mutane ke yi wa maganin kuma bai faɗo daga sama ba. Wanda ya ji labarin gwajin maganin Trovan a kan yaran Kano a 1996 yana da dalilin ɗari-ɗari. Da shugaban Faransa Emmanuel Macron ya tsaya a Hamburg a 2017 yana danganta matsalar Afirka da matan da ke haihuwar bakwai ko takwas, ya ƙara wa masu cewa makirci ne ƙarfi, ya kuma wahalar da ungozomar da ke aiki tsakani da Allah a ƙauye. Mafi yawan malamanmu sun daɗe da bambance abu biyu: ƙayyade iyali don tsoron talauci, wanda suke ƙi, da tazara don lafiyar uwa da ɗa bisa yardar ma'aurata, wadda suke halattawa, suna kafa hujja da azalu da aka sani tun zamanin sahabbai da kuma shayarwar shekara biyu. Iran ma, ƙasar da malamai ke mulki, ta sauko daga sama da shida a tsakiyar shekarun 1980 zuwa kusan biyu a wajen 2000, ta hanyar ɗakunan shan magani na ƙauye da karatun 'ya'ya mata, da amincewar malaman. Yanzu kuma su ne ke kiran a ƙara haihuwa.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa Tasawa na gab da zama Seoul. A binciken 2012 da aka tambayi mutane adadin da suke so, mata sun ce kimanin tara, maza kimanin goma sha ɗaya, wato fiye da abin da suke haifa. Akwai abubuwa biyu da ke riƙe da wannan buri, kuma dukansu na hankali ne. Ɗaya gidan kishiya. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na matan aure a Nijar suna da kishiya, a Maradi abin ya fi haka. Idan miji ya rasu ya bar 'ya'ya, tumuni ne rabon matansa, su raba shi komai yawansu. Sauran dukiyar ta bi 'ya'ya. Ɗakin da ya fi 'ya'ya, musamman maza, shi ya fi rabo a gona. Matar da ta huta alhali abokiyar zamanta ba ta huta ba, ta san abin da take sarayarwa. Na biyu tsufa. Jamus ta kafa fanshon tsofaffi tun 1889, daga nan Bature ya fara daina dogaro da ɗansa don tuwon dare. Manomin Mayahi ba shi da fansho, ba shi da inshora. Idan ƙarfinsa ya ƙare, wanda ke Kano ya aiko da jika biyar, wanda ke Libiya ya aiko da na buhu, wadda ke aure a maƙwabta ta kawo fura. Cikin takwas, yana fatan biyu su samu. Duk wanda zai ce masa ya rage, sai ya fara gaya masa wa zai riƙe shi.

Abin da ke damuna shi ne ta wace ƙofa raguwar za ta shigo mana. Tana iya shigowa don yara sun daina mutuwa, 'yan mata sun yi karatu, mata sun samu abin hannunsu, mai gida ya zauna da iyalinsa sun yi shawara. Tana kuma iya shigowa don gona ta ƙare, maza sun watse, aure ya gagara, ciki ya zama abin fargaba. A takardar masu ƙididdiga duka biyun lamba ɗaya za su bayar. A cikin gida kuwa ba ɗaya ba ne, kuma a Tasawa da Mayahi ƙofofin biyu a buɗe suke yanzu haka.

Kafin in bar gidan nan na bakin gulbi, babbar 'yar jikar ta dawo daga lakwal, allonta a hannu, ƙafafunta fari fat da ƙura. Shekararta tara ko goma. Kakar uwarta ta haifi sha ɗaya ta binne shida. Uwarta na da huɗu tana hutu. Abin da ita za ta haifa ya rataya ne a kan inda za ta kasance ranar da ta cika shekara goma sha huɗu. Na tambayi uwar ko za a bar ta ta ci gaba. Ta ce, "In Allah ya so, Malam, ni ina so, ubanta ma yana so." Kolejin da ya fi kusa da ƙauyensu tafiyar awa biyu ce a ƙasa, kuma babu wurin kwanan 'yan mata a can.